Yadda Za Ka Gane Tsohon Zauren Rawa a Cikin Birni Yayin da Magina Ke Aiki a Kansa

Akwai ginin da za ka yi shekara da shekaru kana wucewa ta gabansa ba ka taɓa ɗaga kai ka dube shi ba. A ƙasa shaguna ne, wannan na sayar da kujeru, wancan a kulle. Sai wata rana ka tarar an kewaye shi da kwano, magina sun kakkafa ƙarafunan hawa, an sauke allon tallan da ya daɗe yana rufe goshinsa. Sai ga dogayen tagogi a jere, ga wani suna da aka sassaƙa a jikin dutse. A manyan birane irin su Shikago, Landan, Balin da Shanghai, sau da yawa irin wannan gini tsohon zauren rawa ne, wurin da ɗaruruwan mutane, wani lokaci dubbai, suke taruwa da dare tsakanin shekarun 1900 zuwa 1950.

Lokacin gyara ne gini ke bayyana asalinsa. Ana ɓanɓare abin da aka lilliƙa masa daga baya, ana sauke silin na ƙarya, tsohon fenti yana fitowa. Sai dai wannan dama ba ta daɗewa, domin cikin 'yan watanni za a sake rufe komai, ko a kwashe shi zuwa juji. Wanda yake son sanin ko wane gini ne wannan, to ya yi hanzari, kuma ya san inda zai duba.

Fara da adireshi, ka ajiye suna tukuna

Kuskuren farko da mutane ke yi shi ne bin suna. Sunayen zaurukan rawa suna maimaita kansu fiye da kima. Savoy na unguwar Harlem a birnin Niyok an buɗe shi a 1926, sai Shikago ma ta buɗe nata Savoy a 1927. Trianon, Palais, Locarno, Aragon, duk za ka same su a birni fiye da ɗaya, don kowane mai gini yana son aron sunan da ya riga ya yi tashe. Kama da wane ba ta wane.

Haka kuma suna yakan tashi daga wani gini ya koma wani. Roseland na Niyok ya fara ne a titin Broadway a 1919, sannan a 1956 ya koma titi na 52, cikin ginin da asali filin wasan zamiya a kan ƙanƙara ne. Wanda ya ga hoton Roseland na 1930 ya tafi neman sa a titi na 52 ya yi ɓatan kai.

Saboda haka ka rubuta lambar ginin, sunan titin, da titunan da suka gitta shi ta ɓangarorin biyu. Ka lura ko a kusurwa yake ko a tsakiyar layi, da kuma inda fuskarsa ke kallo. Ita ma lambar kada ka amince da ita ɗari bisa ɗari, don birane kan sauya tsarin lambobinsu. Shikago ta sake wa gine-ginenta lamba a 1909, don haka adireshin da ke cikin jaridar 1905 ba zai kai ka ƙofar da kake nema a yau ba sai ka nemo jadawalin da ya haɗa tsohuwar lamba da sabuwa. Mahaɗar tituna ta fi lamba aminci.

Zagaya ginin, ka dube shi ta baya da ta sama

Fuskar gini ita aka fi taɓawa. Kowane sabon mai haya sai ya sauya ta. Baya da gefe kuwa ba wanda ya damu da su, shi ya sa suke riƙe da shaida. Ka tsallaka titi ka tsaya nesa, sannan ka bi ta lungu in akwai.

Abin da kake nema shi ne alamar babban ɗaki guda ɗaya wanda ba ginshiƙi a tsakiyarsa. Masu rawa ba sa son ginshiƙi, don haka dole magini ya ɗora rufin a kan dogayen ƙarafa ko katakai masu tsallaka ɗakin daga bango zuwa bango. Daga waje wannan yakan fito a matsayin rufi mai doro ko mai tozo, wanda ya ɗara sauran rufin layin tsawo, an ɓoye shi a bayan katangar goshi. Idan ba ka iya hango shi daga ƙasa, buɗe hoton tauraron ɗan'adam a Google Maps, nan take za ka ga dogon rufi ɗaya shimfiɗe a bayan ƙananan shaguna.

Sai tsayin hawa. A birni ƙasa tana da tsada, don haka masu gini da yawa sukan sa shaguna a ƙasa, kuɗin hayarsu ya riƙe ginin, zauren kuma a sama. Haka Grande da Vanity suke a birnin Ditiroit, waɗanda mai zanen gini Charles Agree ya tsara a 1928 da 1929. Idan ka ga hawa na biyu ya kusa ninka na ƙasa tsayi, tagoginsa dogaye, wasu an toshe su da bulo mai launi daban, to ka kusa. Ka nemi wata ƙofa guda mai faɗi a tsakanin shagunan, wadda ta fi sauran ado, mai buɗewa kai tsaye zuwa matakala. A samanta za ka iya ganin ramukan ƙusoshi ko guntayen ƙarafa inda rumfar ƙofa da allon fitilu suka taɓa rataya. A gefe da baya kuma ƙofofin gudun gobara sun yi yawa fiye da abin da shago ko ofis ke bukata, da matakalan ƙarfe masu faɗi. Doka ce ta tilasta su, gwargwadon yawan mutanen da wurin ke ɗauka.

Kada ka raina ado. Sau da yawa mai gini yakan bar sa hannunsa a ciki. A fuskar zauren Audubon da ke arewacin Manhattan a birnin Niyok, wanda aka gina a 1912, akwai siffofin yanyawa a tsakanin tagogi, domin wanda ya gina shi William Fox ne, kuma sunansa na nufin wannan dabba. Ka duba goshin gini, dutsen harsashi a kusurwa, daɓen bakin ƙofa inda akan rubuta suna da ƙananan duwatsu masu launi, har da kan bututun ruwan sama, wanda a tsofaffin gine-ginen Ingila yakan ɗauki shekara da haruffan farko na sunan mai gida.

A ciki, daɓe ne alƙali

Nan ne aka fi ruɗewa, domin zauren rawa, gidan silima da gidan wasan kwaikwayo duk manyan ɗakuna ne, kuma an gina su a zamani ɗaya da ado iri ɗaya. Amma kowanne an yi shi don wani aiki, kuma aikin ya bar alama.

Daɓen gidan silima gangare yake yi zuwa gaba don na baya ya ga majigi. Ba shi da tagogi, kuma a saman bangon baya akwai ƙananan kafofi inda na'urar haska fim ke leƙowa. Gidan wasan kwaikwayo yana da dandamali mai zurfi, a samansa akwai wani dogon ɗaki kamar hasumiya inda ake janye labule da kayan wasa zuwa sama, kuma daga waje ma ana ganin wannan hasumiyar. Zauren rawa kuwa daɓensa a shimfiɗe yake sumul. Dandamalinsa gajere ne, iya abin da zai ɗauki makaɗa, galibi an yi masa baya mai lanƙwasa kamar ƙwarya don ya turo sauti cikin ɗaki. Barandarsa ta sama tana zagaye ɓangare uku ko huɗu, tana kallon tsakiyar fili, domin abin kallon shi ne masu rawar. A gefen filin akwai hanya mai ɗan tudu inda ake jera tebura. Kusa da matakala za ka tarar da tagar sayar da tikiti da babban ɗakin ajiye riguna, kuma ɗakin kwalliyar mata yakan yi girman da zai ba ka mamaki.

Shi kansa daɓen ya cancanci a tsaya a kansa. Katako ne mai tauri, siririya-siririya, an jera shi yana bin zagayen ɗakin ko an yi masa saƙa. Na zauren hasumiyar Blackpool a Ingila, wanda Frank Matcham ya ƙawata a 1899, an haɗa shi da guntayen katako fiye da 30,000 na itatuwa iri uku. Abin da ya fi muhimmanci kuwa a ƙarƙashi yake. Ba a kan siminti kai tsaye ake shimfiɗa daɓen rawa na ƙwarai ba, ana ɗora shi ne a kan katakai masu gicciye juna, ko sifirin, ko wasu ƙarafa masu motsi, don ya riƙa ɗan lotsawa a ƙarƙashin ƙafa ya rage wa gwiwa wahala. Crystal na birnin Portland a Amurka, wanda aka gina a 1914 aka sake buɗewa a 1997, har yau an san shi da wannan daɓe mai lilo. Idan magina sun ɗaga wani sashe na daɓe ka ga rata a ƙasa da irin wannan tsari, ka sami hujjar da ta fi kowane allo ƙarfi. Ni a wurina wannan shi ne abu na farko da ya kamata a ɗauki hotonsa, don shi ake fara cirewa idan za a zuba sabon kankare.

Ka sa a ranka cewa gini ɗaya yana iya zama duka biyun a lokuta daban. Rivoli na kudancin Landan gidan silima ne a 1913, sai a ƙarshen shekarun 1950 aka mai da shi zauren rawa. Audubon kuwa tun farko yana da gidan kallo da zauren rawa a ƙarƙashin rufi ɗaya.

Ƙiyasta shekara, amma da hattara

Salon ado yana ba da kusan zamani. Zaurukan kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya sun fi son filasta mai furanni, ruwan zinariya da manyan madubai, irin ɗakin madubai na Clärchens Ballhaus da aka buɗe a Balin a 1913. A shekarun 1920 aka shiga yayin kwaikwayon ƙasashen nesa: Aragon na Shikago, na 1926, an yi cikinsa kamar farfajiyar fadar Andalus, silinsa kamar sararin sama da taurari. Daga nan sai salon Art Deco, wanda ya samo sunansa daga baje kolin Faris na 1925, mai layuka miƙaƙƙu da siffar matakala, irin Paramount na Shanghai na 1933.

Tarkon shi ne gobara. Zaurukan rawa sun sha wuta, ga katako, ga labule, ga masu shan taba. Barrowland na Gilasgo an buɗe shi a 1934, ya ƙone a 1958, ginin da ke tsaye yau na 1960 ne. Na Blackpool ma ya ƙone a 1956, aka shafe shekara biyu ana maido da adonsa yadda yake. Don haka shekarar kafa wuri daban, shekarar bangon da kake taɓawa daban. Ka rubuta su biyun.

Sanin yadda suka mutu ma yana taimakawa wajen gane abin da suka koma. A Amurka an ɗora wa wuraren rawa harajin kashi 30 cikin ɗari a 1944, daga baya aka rage zuwa 20, sannan talabijin ya zaunar da mutane a gida. Manyan ɗakunan da aka bari sai suka koma wuraren ibada, rumbunan ajiya, shagunan kayan ɗaki, filayen wasan takalma masu taya, a Birtaniya kuma da yawa suka zama gidajen bingo, wato wani wasan caca na lambobi. Duk inda ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a hawa na biyu na tsohon gini, ka tambayi abin da ya riga shi.

Yanzu ka koma ga takarda

Abin da ido ya gani zato ne mai ƙarfi, takarda ce ke tabbatar da shi. Ka fara da taswirorin inshorar gobara. A Amurka kamfanin Sanborn ya fara zana su tun 1867, gini bayan gini, ruwan hoda na nufin bulo, rawaya na nufin katako, shuɗi na nufin dutse, tare da yawan hawa da aikin da ake yi a kowanne. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora dubbansu a intanet kyauta. A Birtaniya da Kanada taswirorin Charles Goad ne suka yi wannan aiki. Idan ka jera taswirar shekaru biyu ko uku, za ka ga lokacin da fili ya zama gini, da lokacin da aka soke sunan zaure aka rubuta wani abu.

Sai kundin adireshin birni, wanda ake bugawa kusan duk shekara, wasunsu an jera su titi-titi. Bi adireshinka shekara bayan shekara, sunayen da wurin ya ɗauka za su fito da kansu. Da waɗannan sunaye za ka shiga tsofaffin jaridu, kuma ka nema da kalmomin da mutanen wurin suka yi amfani da su a lokacin: ballroom ko dance hall a Amurka, palais de danse a Birtaniya, Ballhaus a Jamus. Tallan ranar buɗewa ya fi komai amfani, don a nan ake alfahari da sunan mai zanen gini, faɗin daɓe da yawan mutanen da zai ɗauka. Sai dai adadin mutanen a talla yakan yi ƙari, ka gwada shi da girman ɗakin.

Daga nan ka duba rajistar gine-ginen tarihi. Amurka tana da tata tun dokar 1966, kuma takardar da aka cike don shigar da gini takan ƙunshi tarihinsa da hotuna. Ingila tana da matakai uku, I da II* da II, ana iya nemansu da adireshi a shafin Historic England. Faransa tana aiki da dokar 1913. Rashin ganin gini a rajista ba ya rage masa daraja, sau da yawa ba wanda ya ɗauki nauyin cike takardar ne kawai. Grande na Ditiroit sai a 2018 ya shiga, bayan ya shafe shekaru da dama a yashe.

Idan hoto ne kawai a hannunka

Ka fara da Google Lens ko TinEye, masu nemo hotunan da suka yi kama da naka a intanet, amma kada ka tsaya a amsar farko. Ka ƙirga tagogi, ka ƙirga bakunan baranda, ka lura da siffar abin da ke saman dandamali, waɗannan ba sa sauyawa ko an sake fenti sau goma. Ka karanta allunan shagunan maƙwabta, ka nemi sunayensu a kundin adireshi. Idan katin gidan waya ne, juya bayansa: layin da ya raba wurin saƙo da wurin adireshi ya fara a Birtaniya a 1902, a Amurka a 1907, don haka katin da ke da wannan layi bai riga waɗannan shekaru ba. Ga ginin da ke tsaye kuma, Street View na Google Maps yana ajiye tsofaffin hotunan titi, a wasu birane har zuwa 2007, don haka za ka iya ganin fuskar ginin kafin a rufe ta.

Gane irin aikin da ake yi masa

Duk ana kiransu gyara, amma ba ɗaya suke ba. Akwai aikin tsare gini yadda yake don kada ya ƙara lalacewa. Akwai gyara shi don sabon amfani, kamar otal ko gidajen haya. Akwai maido da shi kamar yadda yake a wata shekara. Akwai kuma wanda ake rushe komai a bar fuskar kawai. Wannan na ƙarshe alamarsa a bayyane take: manyan ƙarafa sun tokare bangon gaba daga titi, kuma ta tagogin sama kana hango sararin sama. Kusan abin da ya sami Audubon ke nan a shekarun 1990, zauren da aka kashe Malcolm X a cikinsa ranar 21 ga Fabrairu 1965. Bayan doguwar jayayya aka rushe gidan kallon don ginin binciken kimiyya na Jami'ar Columbia, aka bar wani sashe na fuskar da na zauren. Savoy na Harlem ko wannan bai samu ba, an rufe shi a 1958 aka share wurin.

Allon da ke jikin shingen aiki zai ba ka sunan ɗan kwangila, mai zanen gini da lambar izini. Da lambar za ka nemi takardun a ofishin tsara birni, inda galibi akwai zanen ginin kafin aiki da bayansa. A Ingila taɓa ginin da ke cikin rajista ba tare da izini ba laifi ne, kuma ana liƙa sanarwa a ba jama'a kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. A Amurka shiga rajistar ƙasa kaɗai ba ya hana mai gini rushe kayansa, dokar birni ce ke da wannan ƙarfi, amma mai neman rangwamen harajin kashi 20 cikin ɗari dole ya bi ƙa'idojin gyara.

Aiki mai kyau ana gane shi tun daga titi. Za ka ga an sa wa duwatsu da tagogin da aka cire lamba an jera su, an rufe daɓe da katako don kada ya ji rauni, an gwada wanki a ɗan ƙaramin wuri kafin a bi bangon duka. Idan kuwa ka ga ana feshin yashi a jikin tsohon bulo, ko ana cike tsakanin bulo da siminti mai tauri inda asali kwaɓin farar ƙasa mai laushi ne, to ana cutar ginin, domin danshi zai rasa hanyar fita ya koma yana farfasa bulon. Yarjejeniyar Venis ta 1964 kan kula da gine-ginen tarihi ta ce a tsaya inda sani ya ƙare kada a shiga ƙirƙira, kuma sabon abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da na asali. Da wannan ma'auni nake duba kowane aiki.

Shiga da ɗaukar hoto

Kada ka tsallaka shinge. Rufin da ya shekara talatin yana yoyo yakan ruɓar da daɓen da ke ƙasansa ba tare da ido ya gani ba, ga ƙurar asbestas, wani tsohon kayan gini mai cutar da huhu, ga fenti mai dalma wanda Amurka ba ta hana amfani da shi a gidaje ba sai 1978. Ka nemi shugaban aikin, ka gaya masa abin da ka gano game da ginin, ka nuna masa tsohon hoto in kana da shi. Magina da yawa suna jin daɗin sanin abin da suke taɓawa, kuma su ne ke tsintar tikiti, tallan makaɗa da sa hannun magina na farko a bayan bango. Idan an ba ka izini, ka sa hular kwano da takalmi mai tauri, ka bi inda aka ce ka bi.

Ka ɗauki kowane bango huɗu daga tsakiyar ɗaki, sannan silin, sannan ƙananan abubuwa, kana ajiye ma'auni ko biro a gefe don a san girmansu. A kan kowane hoto ka rubuta rana, adireshi da inda kake fuskanta, ka kuma ware abin da ka gani da idonka daga abin da aka gaya maka. Kwafi ɗaya ka kai sashen tarihin birni na laburaren wurin, ɗaya ka ba mai zanen ginin da ke kula da aikin tun kafin su kai ga daɓen.